Wa Ya Goge Sunan Tsohon Tela?

Ranar Alhamis da hantsi na isa cibiyar wankin ƙodar, na tarar da ɗakin jira kamar filin dambe. Kujerun roba sun kai talatin, duk da mutane a kai, wasu a tsaye jikin bango, kowa ya murtuke fuska. An fasa gilashin tagar rajista, an toshe ta da kwali.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Injuna huɗu ne a cibiyar, marasa lafiya sun haura ɗari. Wanda ya samu gurbi yana da ranarsa da sa'arsa, sauran suna jerin masu jira. Wani tsohon tela ya shekara biyu yana wankinsa duk Talata da safe. Talatar nan da ya zo, Mai-rajista ta duba kwamfuta ta ce masa sunansa ba ya ciki, injin ma da mutum a kai. Tsoho ya koma gida. Laraba da rana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, yanzu yana kwance a babban asibiti an sa masa robar iska. Mutumin da aka samu a kan injin kuwa kawun mijin Mai-rajista ne.

Ɗan tsohon, wani mai walda, shi ya fasa gilashin, ya kuma wanke matar da mari a gaban jama'a. Ba wanda ya riƙe shi.

Ni aikina bin sawu ne a cikin kwamfuta. Shinshina ake ce min, ba kuma don ƙauna ba.

Manajan cibiyar ya karɓe ni a ofishinsa yana duba agogo.

"Ba dogon aiki ba ne, Malama," in ji shi. "Da sunan Mai-rajista aka goge tsohon, a kwamfutarta, ranar Litinin ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu na rana. Ga takardar korarta na buga. Ƙarfe huɗu zan kira 'yan sanda in miƙa ta. Ki duba ki sa mana hannu kawai."

"Ashe ka gama binciken," na ce. "To ba ni ruwa in sha in kama gabana."

Ya haɗe rai. Na ce ya ba ni mabuɗin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jerin, ya kuma nuna min inda ya ɓoye matar. Wallahi tun daga gaisuwa mutumin nan bai kwanta min ba.

*

A sito na same ta, zaune kan katan na ledojin ƙarin ruwa. Mace ce da ta ba hamsin baya, kuncinta na hagu a kumbure. Babbar nas ɗin wurin, wadda kowa ke kira Sista, tana tsaye a kanta da ƙanƙara a naɗe cikin tawul.

"Ke ce aka ɗauko ki ƙarasa ni?" Mai-rajista ta ce.

"In ke kika yi, ni ce. Ina kike ranar Litinin ƙarfe ɗaya?"

"Ina bayan gini ina cin abinci, kamar kullum. Minti sha biyar ake ba ni."

"Kika bar kwamfuta a buɗe?"

"Je ki tambayi Manaja. Shi ya ce in riƙa barinta don nas-nas su duba jeri. Yau kuma ya manta."

Sista, wadda ke ce mata Yaya don girmamawa, ta sa baki, ranta a ɓace. "Malama, shekara goma sha ɗaya muna aiki da Yaya. Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba. Tebur ne a bakin hanya, masu shara na wucewa, masu jinya na wucewa. Kowa zai iya taɓawa."

Na ce su biyo ni teburin. Da muka ratsa ɗakin jira sai guna-guni ya tashi, wata mata ta tofar da yawu gefe ta ce, "Azzaluma!" Mai-rajista ba ta waiga ba.

Na ce ta nuna min yadda ake cire suna. Ta danna maɓallin, sai wani akwati ya fito yana neman lambar likita.

"Kin gani?" ta ce. "Ni ba ni da ita. Sakawa nake iyawa, cirewa sai likita."

Manaja da ke bayanmu ya ce ai satar lambar ta yi. Na ce masa in yana son aikina ya ɗauka, in ba ya so ya yi min shiru.

*

Kawun mijin nata yana can lungun ɗakin jira, kujeru biyu na gefensa ba kowa a kai duk da cunkoson. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar.

"Baba, ya aka yi ka samu gurbin nan?"

Ya ciro wata 'yar tsohuwar waya ya tura min a fuska. Saƙo ne na cibiyar, Litinin ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, cewa gurbi ya samu, ya zo Talata da safe.

"Wata bakwai ina lamba ɗaya a jerin jira," ya ce. "Wata bakwai! Sau nawa na je har gidanta na ce ta duba ni, ta ce layi layi ne? Ko gaisuwarta na daina amsawa. Yanzu kuma an ce mun haɗa baki. Da wannan mai taurin kan zan haɗa baki?"

Mai walda ya taso daga inda yake, ƙato ne, hannuwansa duk tabon wuta.

"Ƙarya kake, tsohon banza! Ubana na can rai a hannun Allah, kai kana nan kana numfashi da gurbinsa."

Na miƙe na tsaya tsakaninsu. "Malam, ka mari mace jiya ba wanda ya tanka. Gwada taɓa tsohon nan a gabana ka gani."

Ya zare min ido, na zare masa nawa. Ya ja tsaki ya koma ya zauna.

Tsarin cibiyar na duba daga baya, na ga gaskiyar tsohon. Duk gurbin da ya zama fanko, saba da kanta take ɗauko na farko a jerin jira ta cike shi, ta tura masa saƙo. Ba hannun mutum a ciki.

*

Na zauna da littafin sawu na saba, inda take rubuta duk aiken da ya iso mata.

Ga yadda abin yake, don kada a ce na yi tsafi. Shafin da Mai-rajista ke gani a burauza, wato manhajar buɗe shafi, ba shi ke riƙe da jerin ba. In ta danna maɓalli, burauza ce ke tura aike zuwa saba a bayan fage, shafin bai motsa ba, ita ma ba ta tsaya jira ba, amsa ta dawo lokacin da ta dawo. Kamfanin da ya yi musu shafin bai rubuta wannan aiken da hannunsa ba. Laburaren taimako ya ɗauko, irin kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta kowa na ara. Shi kuma laburaren nan yana da hali guda: duk aiken da ya tura sai ya buga masa hatimi a goshi.

Aike ɗari huɗu da 'yan kai suka fita daga kwamfutarta ranar Litinin, kowanne da hatiminsa. Guda ɗaya ne tsirara, ba hatimi, ba lambar likita, shi ne wanda ya goge tela. Wani ne ya buɗe tagar baya ta burauza, wadda masu gyara ke shiga, ya tura aiken kai tsaye ba laburare. Akwatin lambar likita a fuskar shafi kawai yake. Ita saba ko tambaya ba ta yi, abin haushi.

Na kira Mai-rajista na ce ta buɗe min tagar baya. Ta dube ni, ta dubi tagar ɗakin.

Manaja kuwa sai ya buga cinya. "Tsohon injiniya! Shi ne! Shi ya yi mana shafin farko, kuma duk duniya ta san ba ya taɓa laburare. Shekara biyu da suka wuce na sallame shi, ya fita yana zagina."

Ɗazu matar ce tabbas, yanzu tsoho ne tabbas. Na karɓi kwatancen shagon na fita ba sallama.

*

Shagon gyaran kwamfuta ne ƙarƙashin bene, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, ƙaurin dalma ya cika shi. Tsohon injiniya na sunkuye kan wani allon cikin kwamfuta, tabarau biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wancan mai tumbin ne ya aiko ki? Fita min daga shago."

"Baba, mace za a ɗaure ƙarfe huɗu. Duba wannan tukuna, sai ka kore ni."

Na ajiye masa aiken da na bugo a takarda. Ya cire tabarau ɗaya, ya karanta.

"Rubutuna ne," ya ce.

"Ka amsa ke nan?"

"Ke, yarinya, iya bakinki. Na ce rubutuna ne, ban ce ni na tura ba. Rabona da cibiyar can shekara biyu. Ran Litinin ina nan, tambayi mai kanti da mai gyaran takalmi, sun ishe ni da surutu har la'asar."

Ya ce a zamaninsa shafin kan maƙale in layi ya yi rauni, marasa lafiya na zaune ana jiran maɓalli. Sai ya rubuta 'yan layuka na gaggawa ya zuba a filashi biyu, ɗaya ya ba Manaja, ɗaya ya ba babbar nas, ya koya musu buɗe tagar baya su liƙa. Yaran kamfani da suka zo bayansa fenti kawai suka yi wa fuska, tsofaffin ƙofofin saba duk suna nan a buɗe.

"Layi shida ne kowanne," ya ce yana huci. "Layi shida! Amma sai sun jawo laburare mai nauyin buhun siminti don su tura aike ɗaya. Ragwaye."

"Kowanne? Guda nawa ne?"

"Biyu mana. Na cirewa, da na sakawa. Wa zai cire mutum in ba wani zai saka ba? Har na rubuta musu a tsakani da manyan baƙaƙe, TSAYA, JIRA AMSA. Na faɗa da baki ya fi sau goma. Ka liƙa na farko, ka ga saba ta ce an gama, sannan na biyu."

Na ce, "In aka liƙa su tare fa?"

"Sai su yi tsere. Burauza ba ta jira, turawa kawai take yi. Cirewa na da nauyi, sai saba ta bi tarihin mutum ta rufe. Sakawa kuwa nan da nan ne. Na biyu zai riga gamawa, ya tarar gurbi da mai shi, a kore shi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke wace irin mai bin sawu ce? Ba ki duba littafin korarru ba?"

Ban duba ba, kuma na ji kunya har cikin raina. Littafin da na kwashe awa biyu a kai na aiken da aka karɓa ne. Waɗanda saba ta ƙi, wani wuri daban take zuba su, ba mai leƙawa. A nan kan teburinsa na buɗe kwamfutata na shiga. Yana nan, Litinin ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, daƙiƙa ɗaya da ɗan'uwansa, shi ma ba hatimi. A saka kati mai lamba ɗari uku da goma sha takwas a gurbin Talata da safe. Amsar saba: gurbi a cike yake.

Na nemo katin na karanta, har da wurin da aka rubuta dangi na kusa. Na rufe kwamfutar na ce, "Baba, sa takalminka."

*

Ƙarfe huɗu saura kwata na tara su a ɗakin jira. Manaja ya so a yi a ofis, na ce a gaban mutanen nan aka mare ta, a gabansu za a yi. Mai-rajista na zaune a kujerar gaba, Sista a gefenta. Mai walda ya harɗe hannu jikin ƙofa. Tsohon injiniya ya ƙi zama, shi da Manaja suna ta aika wa juna harara.

Na yi musu bayanin hatimi da tagar baya a taƙaice. Wani ya ce daga baya, "Turanci za ki yi mana ko suna za ki faɗa?" Na ce in yana sauri ga ƙofa nan.

"Filashi biyu ne ke ɗauke da rubutun da aka yi aikin nan da shi," na ce. "Manaja, ina naka?"

Gumi ya karyo masa. Ya fara kame-kame, wai ya manta da shi, wai yana cikin durowa ko a gida, wai shi bai ma taɓa fahimtar abin ba. Ɗaki ya ɗauki hayaniya, mai walda ya saki ƙofa ya fara takowa. Na bar Manaja ya ɗanɗana na minti guda, don ya san yadda ake ji, sannan na ɗaga hannu.

"Ba shi ba ne. Sakarci ne laifinsa, shi ya ce a bar kwamfuta a buɗe. Wanda ya yi aikin nan sauri yake, yana tsoron kada mai tebur ta dawo daga cin abinci. An ce masa ya tura na farko ya jira amsa, sai ya haɗa biyun ya tura. Tela ya fita, amma wanda ake so a saka bai shiga ba. Saba ta ga gurbi fanko ta ba na farko a layi. Shi ya sa kuka kama mutanen da ba su ci ba ba su sha ba."

"Wa ake so a saka?" mai walda ya tambaya.

"Kati mai lamba ɗari uku da goma sha takwas."

Jama'a suka dubi juna, lambar ba ta ce musu komai ba. Amma Mai-rajista shekara goma sha ɗaya tana rubuta katunan nan da hannunta, ba ta buƙatar kwamfuta. Na ga leɓenta na motsi tana maimaita lambar. Sannan ta juya a hankali ta dubi matar da ke gefenta.

"Autanku ne," ta ce.

Sista ba ta musa ba. Tawul ɗin hannunta ya faɗi ƙasa.

"Lamba goma sha tara yake a jira, Yaya," ta ce. "Likita ya ce ba zai kai ƙarshen wata ba. Ni na raine shi. Na ce tsohon zai samu wani gurbin ran Laraba, zan san yadda zan yi. Wallahi ban yi nufin..."

"Ubana kika zaɓa?" Mai walda ya yi kukan kura ya yo kanta. Wannan karon maza huɗu suka riƙe shi, su ɗin da jiya suka tsaya kallo. Matar da ta tofar da yawu ɗazu ita ce ta fi kowa ɗaga murya, tana cewa dama ita tun farko ba ta yarda da nas ɗin nan ba. Raina ya ɓaci da su duka, har da kaina, don na ji tausayin Sista kuma ban so na ji ba.

Manaja ya ciro takardar kora ya yage ta biyu, ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Hajiya, a yi haƙuri, kuskure ne. Ki koma teburinki, gobe za a sa sabon gilashi."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan Sista, wadda masu gadi biyu suka tsaya a kanta ana jiran 'yan sanda.

"Ki yafe min, Yaya."

"Tambaya ɗaya zan yi miki," Mai-rajista ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit. "Ran Talata da tsohon nan ya tsaya a tagata yana cewa 'yata sake dubawa, numfashina ba daidai yake ba, ina kike?"

Sista ta sunkuyar da kai. "Ina bayanki."

"Kin ji shi?"

"Na ji."

"Sau uku na duba masa. Na ce Baba, kwamfuta ba ta ƙarya, je ka gida sai an kira ka. Kina tsaye da tiren allura." Ta ci gaba da cewa, "Kora da ɗauri duk zan iya ɗauka a kanki. Amma kin bar ni na kore shi da bakina."

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta wuce teburin rajistar ba ta tsaya ba. A bakin ƙofa ta ja birki gaban mai walda, wanda har yanzu ake riƙe da shi. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Wane ɗaki aka kwantar da mahaifinka?" ta ce.

Ya faɗa mata da ƙaramar murya. Ta fita titi ta tsayar da mota.